Nafkin ko famfas: Wanne ya fi wa jariri da iyayensa?

Shekaru fiye da 60 bayan da ƙunzugun jarirai na amfani sau ɗaya ya shigo kasuwa, nafkin ɗin yadi da ake wankewa a sake ɗaurawa ya fara dawowa cikin gidaje.

Dalilan dawowar tasa sun sha bamban daga wuri zuwa wuri. A ƙasashen Turai da Amurka, damuwa game da tarin shara da gurɓacewar muhalli ce ke sa wasu iyaye komawa gare shi. A ƙasashe irin su Najeriya kuwa, tsadar rayuwa ce ta sa famfas ya fara fin ƙarfin aljihun magidanta da dama.

Sai dai sauyin yana tattare da tambayoyi: shin nafkin ya fi araha da gaske, me yake yi wa fatar jariri, kuma ta yaya za a wanke shi ba tare da an baza cuta a cikin gida ba?

Yadda aka faro

Kafin zuwan masana'antu, kowace al'umma da abin da take tare ƙazantar jariri da shi. Wasu ƙabilun arewacin nahiyar Amurka sun riƙa amfani da busasshen gansakuka da fatar dabbobi. A ƙasar Hausa tsumma mai laushi da tsohon zane ne suka yi wannan aiki.

A Turai da Amurka, nafkin mai kusurwa huɗu na auduga ya samu karɓuwa ne a ƙarni na 19, musamman bayan da wani Ba'amurke mai suna Walter Hunt ya ƙirƙiro fil mai murfi a shekarar 1849, wanda ya ba da damar ɗaure yadi a jikin yaro ba tare da an soke shi ba.

Babbar matsalar nafkin ita ce yoyo. A shekarar 1946 wata uwa a Amurka, Marion Donovan, ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka wani wando da ruwa ba ya ratsawa, domin a riƙa sa shi a kan nafkin. Shekara guda bayan haka, wata 'yar Birtaniya, Valerie Hunter Gordon, ta ɗinka irin nata da ƙyallen tsohuwar laimar saukar sojoji, ta kuma sa masa wata ƙunshiya a ciki da ake jefarwa idan ta ɓaci.

Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a shekarar 1961, sunan da daga baya ya zama famfas a bakin Hausawa, ake kiran kowane irin ƙunzugun zamani da shi. Huggies na kamfanin Kimberly-Clark ya biyo baya a 1978.

Abin da ya ƙarasa kayar da nafkin shi ne wani sinadari mai kama da garin gishiri da aka fara zubawa cikin famfas a shekarun 1980. Sinadarin yana shanye fitsarin da ya ninka nauyinsa kusan sau 30, ya daskarar da shi ya zama kamar kamu, ta yadda yaro zai daɗe bai ji danshi ba.

Batun kuɗi

Jariri sabon haihuwa kan buƙaci a canza masa ƙunzugu sau takwas zuwa 12 a kowace rana, adadin kuma yana raguwa yayin da yake girma. Idan aka ɗauki shida kawai a rana, iyaye za su sayi famfas 180 a wata, sama da 2,000 ke nan a shekara.

Nafkin kuwa sau ɗaya ake saye. Guda 20 zuwa 24 kan wadaci yaro ɗaya idan ana wanki kowace rana ko bayan kwana biyu, kuma in an kula da su ƙanensa ma zai gada.

A Najeriya wannan lissafi ya ƙara nauyi tun daga shekarar 2023, lokacin da gwamnati ta janye tallafin man fetur ta kuma bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Ya zuwa watan Disamban 2024 hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar yadda alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar suka nuna.

A watan Disamban 2023 kamfanin Procter & Gamble ya sanar da cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su daga waje. A 2024 kuma Kimberly-Clark ya ce zai fice daga ƙasar, shekaru biyu kacal bayan buɗe masana'antarsa ta dala miliyan 100 a Ikorodu da ke jihar Legas.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙasashe masu tasowa ba. Wani bincike da wata ƙungiyar agaji mai raba ƙunzugun jarirai ta gudanar a Amurka a 2023 ya gano cewa kusan rabin iyalan da ke da ƙananan yara a ƙasar ba sa iya sayen abin da zai ishe su.

Amma arahar nafkin tana da nata farashin. Yana cin sabulu, yana cin ruwa, yana cin itace ko gawayi idan za a tafasa ruwan wanki. A unguwannin da sai an saya wajen 'yan garuwa, kuɗin ruwan kaɗai na iya cinye wani ɓangare na abin da aka rage. Akwai kuma wahalar wankin, wadda galibi kan faɗa a kan uwa mai jego ko 'yan matan gida, kuma ba kasafai ake sa ta cikin lissafi ba.

Shara da muhalli

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2018 an zubar da tan miliyan 4.1 na famfas a ƙasar. A Birtaniya ana ƙiyasin cewa kimanin guda biliyan uku ne ake jefarwa a kowace shekara. Ledar da ke jikinsa ba ta ruɓewa da wuri, kuma haɗuwarta da ƙazanta na sa sake sarrafa shi ya yi wuya.

Inda babu tsarin kwashe shara, famfas kan ƙare a kwata, ya toshe magudanan ruwa, ko a bola inda kaji da awaki da karnuka ke tone shi. A Indonesiya, masu fafutukar kare muhalli sun shafe shekaru suna tsamo shi daga kogin Brantas, wanda miliyoyin mutane ke sha daga gare shi. Ƙasar Vanuatu da ke yankin tekun Pasifik ta sanar a 2019 cewa za ta haramta shi baki ɗaya, amma ta ja da baya bayan da iyaye suka koka cewa ba a tanadar musu madadi ba.

Duk da haka, masana ba su yanke wa nafkin hukuncin nasara kai tsaye ba. Wani nazari da hukumar kula da muhalli ta Ingila da Wales ta fitar a 2008 ya nuna cewa, cikin shekaru biyu da rabi na rainon yaro ɗaya, famfas na haddasa fitar da iskar da ke ɗumama duniya kimanin kilo 550, nafkin kuma kilo 570.

Dalili shi ne wutar lantarkin da injin wanki da na busarwa ke ci. Nazarin ya ce idan aka riƙa shanya a igiya, aka cika injin kafin a kunna, aka kuma yi wa yaro na biyu amfani da nafkin ɗin, adadin zai ragu da kashi 40 cikin ɗari.

Wani sabon nazari da gwamnatin Birtaniya ta wallafa a 2023 ya ce nafkin ya fi famfas ƙarancin fitar da wannan iska da kashi 25 cikin ɗari, ko da yake ya fi shi cin ruwa da wutar lantarki.

Waɗannan alƙaluma an gina su ne kan gidajen da ke wanki da inji. A Kano ko Maraɗi, inda hannu ke wanki rana ke busarwa, batun lantarki bai taso ba. Abin dubawa a can shi ne ruwa, da kuma inda ake zubar da shi bayan an gama.

Lafiyar fatar jariri

Yawancin ƙurajen da ke fitowa a mazaunan jariri danshi ne ke kawo su. Idan fitsari ya haɗu da kashi, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin kan mayar da wani ɓangare na fitsarin ya zama sinadarin amoniya mai zafi, wanda ke raunana fata har ta yi ja ta saɓule.

Da yake famfas ya fi janye danshi daga jiki, likitocin fata da dama na ganin ya taimaka wajen rage tsananin irin waɗannan ƙuraje. Sai dai wata bita da cibiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci ta yi a 2006 ta ce babu isasshiyar hujja mai inganci da za ta tabbatar ko ta ƙaryata cewa famfas ya fi kare yaro.

Abin da likitocin yara suka haɗu a kai shi ne, saurin canzawa ya fi nau'in ƙunzugun muhimmanci. Yaron da aka bari cikin famfas ɗaya tun safe har yamma domin a yi tattali ya fi fuskantar haɗari a kan wanda ake canza wa nafkin da zarar ya jiƙe. Wandon roba da ake sa wa a kan nafkin ma yana riƙe zafi da gumi, don haka ake son a riƙa barin jariri ya sha iska na ɗan lokaci kowace rana.

A watan Janairun 2019 hukumar kula da ingancin abinci da muhalli ta Faransa ta ce ta gano ɓurɓushin wasu sinadarai masu haɗari a cikin famfas da ake sayarwa a ƙasar, ciki har da wasu nau'o'in turare, ta kuma nemi kamfanoni su kawar da su. Hukumar ba ta ce ta ga yaran da suka kamu da wata cuta sanadiyyar hakan ba.

Likitoci na ba da shawarar a shafa wa wurin man da ke kare fata daga danshi, a kuma guji barbaɗa hoda saboda jariri na iya shaƙarta ta cutar da huhunsa. Idan ƙurajen suka wuce kwana uku ba su lafa ba, ko suka shiga cikin matsematsi, ko suka fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo, to a kai yaro asibiti.

Yadda ake wanki

A wurare da dama ana ɗaukar kashin jariri a matsayin wanda ba ya cutarwa. Masana kiwon lafiya sun ce akasin haka ne, domin yakan ɗauki ƙwayoyin cuta fiye da na babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 440,000 a kowace shekara.

Saboda haka matakin farko shi ne a juye kashin a cikin masai, a ɗauraye nafkin ɗin da ruwan sanyi, sannan a ajiye shi a bokiti mai murfi wanda ba a amfani da shi don wani aiki. A nisanta bokitin daga yara masu rarrafe, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa ciki da ka.

Daga nan a wanke da sabulu da ruwan zafi. Masu injin wanki ana ba su shawarar zafin da ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. A ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare, tun da ragowar sabulu kan ci fatar jariri. Ruwan wankin kuma a zuba shi a masai, nesa da rijiya da wurin girki da inda yara ke wasa, sannan a wanke hannu da sabulu.

A shanya a igiya cikin rana, kada a baza a ƙasa ko a inuwa. A yankunan Afirka kudu da Sahara akwai wani nau'in ƙuda da ake kira tumbu, mai yin ƙwai a ƙasa da kuma jikin tufafin da ke da warin fitsari. Tsutsarsa kan shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan.

Nafkin ɗin zamani ya sauƙaƙa wasu daga cikin tsofaffin matsalolin. Ana ɗinka shi da siffar famfas, da maɓallai a madadin fil, da aljihu da ake zura yadi mai shan ruwa a ciki, kuma ana iya ƙara masa girma yayin da yaro ke girma. Wasu ƙananan hukumomi a Birtaniya da Jamus har tallafin kuɗi suke bai wa iyayen da suka zaɓe shi, domin rage sharar da suke kwashewa.

Koya wa yaro tun da wuri

Akwai hanya ta uku da ta girmi nafkin da famfas duka. Iyaye mata a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin ɗora jariri a kan ƙafafu idan suka ga alamar zai yi kashi, kafin daga baya a mayar da shi kan fo. Wani bincike da aka wallafa a 1977 kan ƙabilar Digo ta ƙasar Kenya ya nuna cewa da irin wannan horo jariransu kan daina ɓata jiki tun suna wata biyar zuwa shida.

Kowane kashi da ya tafi fo ya rage wanki ɗaya ko famfas ɗaya. Shi ya sa iyaye da yawa ke haɗa hanyoyin uku: fo da safe da kuma bayan shan nono, nafkin da rana a gida, famfas kuma da dare ko ranar zuwa asibiti da biki.