Ilmarinen: jirgin yaƙin da ya nutse cikin minti 7

A ƙarƙashin tekun Baltik, kudu da wani ƙaramin tsibiri mai suna Uto, akwai wani jirgin yaƙi kwance a kife, zurfin metir 70. Sunansa Ilmarinen, sunan wani maƙeri na tatsuniyoyin mutanen Finlanda. A cikinsa ne mafi yawan sojoji 271 da suka mutu tare da shi suke har yanzu.

An ƙera jirgin a birnin Turku, aka tura shi ruwa a 1931, ya fara aiki a 1934. Tsawonsa metir 93, nauyinsa tan 3.900, yana ɗauke da manyan bindigogi 4 masu bakin milimetir 254. Ba domin tsallaka manyan tekuna aka yi shi ba. Aikinsa tsaron gaɓa ne, ya ratsa tsakanin dubban tsibiran ƙasar inda ruwa ba shi da zurfi. Finlanda ba ta da irinsa sai guda 2, shi da ɗan'uwansa Vainamoinen. Ga ƙaramar ƙasa irin wannan, dukiya ce mai yawa aka zuba.

A 1941 Finlanda tana yaƙi da Tarayyar Sobiyet, tana kuma tare da Jamus. Jamusawa suna shirin kama tsibiran Estoniya, sai suka nemi a yi wa Rashawa wasa da hankali: ayarin jirage ya fito fili kamar zai kai hari ta wani gefe, alhali sojan gaskiya yana zuwa ta wani. Ranar 13 ga Satumba ayarin ya tashi daga Uto, har da Ilmarinen a ciki. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Da duhu ya fara shiga, aka ba da umurnin komawa gida.

A nan ƙaddara ta sauka. Jirgin yana jan wasu igiyoyin ƙarfe ta gefensa, waɗanda aikinsu shi ne su kama nakiyar da aka dasa cikin ruwa, su nisanta ta daga jikinsa. Ashe igiyar ta riga ta kamo nakiya tana janye da ita. Da jirgin ya juya, nakiyar ta matso ta bugi gindinsa. Abin da aka sa domin kariya shi ya jawo halaka. Jirgin ya karkace, ya kife, cikin minti 7 ruwa ya haɗiye shi. Ƙananan jiragen sintiri suka tsamo mutum 132, wasu daga kan bayan jirgin da ya juye.

Mai karatu ya duba lissafin nan da idon ɗan kasuwa: rabin manyan jiragen ƙasa da rayuka 271, a kan fitar da ba ta wuce ta nuna kai ba. A ganinmu wannan ciniki ne na asara, ko da Jamusawa sun kama tsibiran daga baya. Rundunar ruwan Finlanda ba ta taɓa yin rashi irin na wannan dare ba.

Vainamoinen ya tsira daga yaƙin, amma a 1947 ya koma hannun Sobiyet, aka sake masa suna Viborg. Shi kuwa Ilmarinen, sai a 1990, bayan shekara 49, aka gano inda yake, ya nutse cikin laka. Ba a ɗago shi ba. Hukumomin Finlanda sun ɗauke shi a matsayin kabarin soja, ba a nutso wurin sai da izni.