Farfesa Muyembe: Malamin Da Ya Shekara 44 Yana Farautar Maganin Ebola

Ƴan kasuwar da ke fatauci tsakanin Najeriya, Kamaru da Cadi ba za su manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin da aka rufe iyakoki saboda tsoron cutar Ebola. Motoci suka tsaya, kayan gwari suka ruɓe, bashi ya hau kan mutane. A yau wannan cuta tana da magani, kuma cikin waɗanda suka yi wahalar samo shi akwai wani malamin jami'a ɗan ƙasar Kongo Kinshasa, Farfesa Jean-Jacques Muyembe.

An haife shi a 1942, ɗan manoma ne. Ya gama karatun likita a Kinshasa a 1969, ya wuce Beljiyam inda ya sami digirin dakta a 1973 kan ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Maimakon ya zauna Turai, sai ya komo gida ya kama koyarwa a jami'a.

A 1976 aka tura shi ƙauyen Yambuku, inda wata baƙuwar cuta ke kashe jama'a. Ko safar hannu babu ya riƙa ɗibar jinin marasa lafiya, ya kuma lura cewa inda allura ta shiga jini ba ya tsayawa. Jinin da aka aika Turai ne ya tona asirin ƙwayar, aka sa mata sunan wani kogi da ke yankin, wato Ebola. Cikin mutum 318 da suka kamu, 280 suka rasu.

Da cutar ta sake ɓulla a garin Kikwit a 1995, Muyembe da abokan aikinsa suka ɗebi jinin waɗanda suka warke suka ƙara wa marasa lafiya takwas. Bakwai suka tashi. Masana da dama suka ce adadin ya yi kaɗan, ba hujja ba ce. Bai yi fushi ba, ya ci gaba da koyar da ɗalibai, kuma a 1998 aka ba shi shugabancin cibiyar binciken lafiya ta ƙasarsu, INRB.

Mahaƙurci mawadaci. Daga jinin wani da ya tsira a Kikwit, shi da masana na Amurka suka ware sinadarin da ke yaƙar ƙwayar. An gwada shi a gabashin Kongo a 2018 da 2019, a watan Disamba na 2020 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Ebanga.

To jama'a, ribar irin wannan aiki ba ta zuwa ranar kasuwa ɗaya, amma idan annoba ta faɗo, kowa kansa yake dogara. Duk ɗan kasuwar da Allah ya ba yaro mai son kimiyya, ya daure ya bar shi ya yi karatunsa mai zurfi.