Enolet: Sinadarin da Ke Aiki a Ganyen Masara

Rukunin kabonil shi ne ƙwayar kabon da ke haɗe da oksijin da ɗauri biyu. Sinadarai masu wannan rukuni suna da wata ɗabi'a: haidirojin da ke kan kabon na kusa da shi bai da wuyar cirewa. Asiton, ruwan da ake goge fentin farce da shi, misali ne. Idan alkali mai ƙarfi ya fizge haidirojin ɗin, sai elektaron biyu su rage a kan kabon. Abin da ya saura, mai ɗauke da cajin ragi, shi ake kira enolet.

A ma'aunin pKa, inda ƙaramar lamba ke nuna sauƙin sakin haidirojin, iskar itan tana wajen 50, asiton kuwa wajen 20. Tazarar ba ƙarama ba ce, domin kowace lamba ɗaya ninki goma ce.

Dalilin shi ne rezonans, ra'ayin da Linus Pauling na Amurka ya bunƙasa a shekarun 1930. A takarda ana zana enolet iri biyu: ɗaya cajin na kan kabon, ɗaya kuma na kan oksijin. Ba wai sinadarin yana sauyawa tsakaninsu ba ne. Sura ɗaya gare shi, cajin ya bazu a kan ƙwayoyi uku. Oksijin ya fi kabon jan elektaron, don haka shi ke ɗaukar kaso mafi girma, kamar buhun da mutum biyu suka ɗaga, mai ƙarfin ya riƙe ɓangaren nauyi. Amma sabon ɗauri galibi a kan kabon yake ƙulluwa.

Wannan aiki na gudana a gonakin Doguwa, Tudun Wada da Kiru. Masara, dawa da gero suna da wani sinadarin hanzari a ganye wanda ke cire fosfet daga wani sinadari da ake kira PEP, ya samar da enolet da maganiziyam ke riƙewa. Kabon ɗin enolet sai ya cafke iskar kabon-dayokside, a sami sinadari mai kabon huɗu. Masana biyu, Hatch da Slack, su ne suka fayyace wannan hanya a 1966, a Ostareliya, da ganyen rake. Ita ce ke sa waɗannan hatsi jure zafi da ƙarancin ruwa. Shinkafa da alkamar da ake nomawa da ruwan madatsar Tiga ta Bebeji ba su da ita, amma sinadarinsu, Rubisco, shi ma da dangin enolet yake kama iskar.