Ciwon Marar Da Ya Wuce Na Al'ada

A kusan kowace makarantar 'yan mata akan sami ɗalibar da ciwon mara ke kayar da ita duk wata, har ta rasa darasi ko jarrabawa. Sau da yawa akan ce mata ta yi haƙuri, haka mata suke. Amma wani lokaci wannan ciwo alama ce ta cutar da likitoci ke kira endometiriyosis, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, wato kimanin mata miliyan 190.

Shin mece ce wannan cuta? A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri duk wata, sa'annan ta zube a matsayin jinin haila. A jikin mai cutar, tsoka irin wannan takan tsiro a wajen mahaifa: kan ma'ajiyar ƙwai, ko mafitsara, ko hanji. Ita ma tana amsa kiran sinadarin estirojin, amma ba ta da mafita. Daga nan sai kumburi, da tabo, da mannewar kayan ciki, har wasu su kasa samun ciki. A shekarar 1927 wani likitan Amurka, John Sampson, ya danganta abin da komawar jinin haila ciki ta bututun ƙwai. Sai dai hakan na faruwa ga yawancin mata ba tare da cutar ta kama su ba, don haka masana ke duba gado da garkuwar jiki.

Gano ta kan ɗauki shekaru, domin alamunta na kama da na ciwon hanji ko sanyin mata. Likita yakan fara da tambayoyi, sai hoton ciki. Hoto mai kyau bai kore cutar ba, domin ƙananan tsiro ba sa fitowa. Tabbaci yakan zo ne ta laparoskofi, wato zura siririyar kyamara ta kusa da cibiya, ko da yake yanzu ana iya fara magani kafin a kai ga hakan.

Ba a sami maganin da ke kawar da ita kwata-kwata ba, amma magunguna da tiyata na kawo sauƙi. Ɗalibar da ciwo ke hana ta karatu ta riƙa rubuta ranakunsa da tsananinsa, ta kai wa likitan mata. Malama kuwa, idan fashin yarinya ya riƙa dawowa wata-wata, ta tambaye ta dalili kafin ta hukunta ta.