Dusar Ƙanƙara a Makka da Masallaci Bisa Teku: Ina Gaskiyar Take?

Duk lokacin da alhazai suka dawo, hirar majalisun Damba da cikin garin Gusau takan gangara zuwa abin da ke bayan Makka da Madina, ga kuma bidiyoyin WhatsApp suna ƙara wa miya gishiri. Ya kamata a tace waɗannan zantuka, domin a cikinsu akwai wanda zai iya jefa bawan Allah cikin wahala a ƙasar mutane.

Ana cewa Saudiyya rairayi ce zalla. Gaskiya ne ba ta da kogi ko ɗaya da ke gudana rani da damina, amma kudu maso yammacinta tsaunuka ne. Birnin Abha na yankin Asir yana bisa tudun da ya haura mita 2,200, kuma can Larabawa ke gudun zafin bazara. Ɗa'ifa, maƙwabciyar Makka, ta shahara da noman furen wardi. A gabas kuwa, dausayin Al-Ahsa yana da itatuwan dabino wajen miliyan 2.5, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2018.

Dusar ƙanƙara fa? Tana sauka da hunturu a tsaunin Jabal al-Lawz na yankin Tabuk, can arewa wajen iyakar Jodan. Amma bidiyon da ya yaɗu a Janairun 2023 yana nuna ta tana zuba a Harami haɗi ne, kuma hukumar yanayi ta Saudiyya ta ƙaryata shi. Abin da ya faru da gaske a watan shi ne duwatsun Makka sun yi kore shar bayan ruwan sama mai yawa.

Masallacin Rahma na Jidda, wanda ake cewa yana yawo bisa ruwa, an gina shi ne a 1985 kan ginshiƙai da aka kafa cikin Bahar Maliya. In teku ta cika sai ruwa ya rufe ƙafafun, shi ya sa ido ke ganin kamar yana shawagi. Kyawun gaɓar kuwa ba ƙari a ciki: akwai murjani a ƙarƙashin ruwan, ga rairayin Umluj, ga tsibiran Farasan daura da Jazan.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa "ai an buɗe ƙasa, kowa na iya zuwa ko'ina." An fara ba da bizar yawon buɗe ido a Satumbar 2019, kuma daga 2022 mai bizar Umara yana iya ziyartar sauran biranen ƙasar. Bizar Hajji ba haka take ba, iyakarta Jidda da Madina da Makka. Alhajin da ya sulale daga tawaga don ya ga Abha ya karya doka. Mai Umara ma akwai ranar da ake yanka masa ya fice kafin aikin Hajji, in ya wuce ta sai tara da kora, wani lokaci har da hana shi dawowa na shekaru. Dokokin sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka maniyyaci ya tambayi hukumar alhazai ta jiha ko kamfanin da ya yi masa biza tun kafin ya biya kuɗin mota zuwa bakin teku.