Komin Ruwa Ɗaya, Garke Goma: Yadda Boru Ke Bin Shanunmu Har Abijan

Duk wanda ya sauke shanu a Abijan, da wuya ya koma gida bai leƙa Adjamé ba. Can kasuwar Gouro take, inda mata ke sauke ayaba da rogo da gauta tun asuba. Ba a sayar da shanu a wurin, amma matar da ta sayi kayan miya, namanmu za ta nema, ita ce kuma mai sayen nono ta dama dege a Treichville. To ashe abin da saniya ta sha a hanya bai tsaya a cikinta ba.

Maganarmu ta yau a kan ruwa ce. Daga Wagadugu zuwa Abijan sama da kilomita 1,000 ne, ko a tirela ko a jirgin Sitarail. Dabba ta iso da ƙishirwa, yaran mota kuwa ba su da zaɓi, komin da suka tarar shi za su kai ta. Garken Mali ya sha, na Nijar ya sha, na Burkina ya biyo baya, ba wanda ya zubar da ragowar.

Nan boru yake samun mu. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, tana cikin yawu da nono da kashi. Sa mai dalala ya tsoma baki a komi, shi ke nan ya bar wa na baya, don ƙwayar kan yi kwanaki a ruwa ba ta mutu ba. Abin haushin shi ne dabba kan fara zubar da ita tun kafin ƙuraje su fito a baki da kofato. A nono ma har kwana 4 kafin a ga alama. Daga kamuwa zuwa bayyana kuwa kwana 2 zuwa 14 ne. Wato kana iya sayen lafiyayye a idonka, ya ketare Ouangolodougou yana tafiya garau, sai a turke ya fara ɗingishi. Babban sa ba ya cika mutuwa, amma zai ƙi ci, ya rame, dillali ya ce maka wallahi kuɗin jiya ba na yau ba ne. Masu shanun tatsa su suka fi kuka: nono ya ƙafe, maruƙa su mutu.

Wasu tsofaffinmu kan ce ai an gama da ciwon shanu. Bushiya aka gama da ita, an yi shelar haka a 2011. Boru yana nan, ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma a 2018. Har Amurka mai injin tatsa ba ta tsira daga irin wannan ba: a watan Maris 2024 aka gano murar tsuntsaye a shanun madara na Texas, ƙwayar jibge a cikin nono. Murar nan ta taɓa ɓulla a kajin Abijan a 2006, shi ya sa ba ma son ganin kaji da agwagi suna wanka a mashayar shanu.

Gyaran ba tsada gare shi ba. Kowane mai kaya ya tafi da rabin durom nasa. In dole sai komin haya, a zubar da ruwan, a kankare kashi da laka tukuna, don jabel ba ta aiki a kan datti. Sannan a wanke da sodar wanki, giram 400 a bokiti mai lita 10, a ɗauraye sosai. Wadda ta fara dalala a ware ta da nata bokitin, a kira malamin dabbobi ya duba. Akwai ɗakin gwaji na LANADA a Bingerville. Ruwan wanke ƙwarya kada a watsa inda shanu ke sha. Matanmu masu kai nono Adjamé da Treichville kuma su tafasa shi kafin su zuba tsami.