Gurnanin Lasifika a Kura da Bunkure

A garuruwan Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke raya shinkafa da tumatir har da rani, lasifika ba ta hutawa: kiran salla, wa'azi, biki, taron manoma. Sai dai sau da yawa wani gurnani yakan danne muryar mai magana, musamman idan janareta ko injin casar shinkafa na aiki kusa.

Gurnanin daga wutar lantarki yake, wadda a Najeriya ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Doguwar wayar makirufo ce ke kwaso shi a hanya.

Masu gyaran rediyo da suka san aikinsu sukan nemi waya mai jijiya biyu da raga a kewaye, su liƙa ta da dalma a filogin XLR mai ƙafa uku. Ƙafa ta 1 ta raga ce. Ta 2 da ta 3 sauti ɗaya suke ɗauke da shi, amma ɗayan a juye. Hayaniya kuwa daidai take shiga jijiyoyin biyu, don haka da amfilifaya ta ɗebe wannan daga wancan, sai hayaniyar ta ɓace, murya ta fito tas.

Idan gurnanin ya ƙi tafiya, sai a sa ƙaramar taransifoma tsakanin wayar da amfilifaya. Sauti na tsallakawa ta ƙarfin maganaɗisu, wayoyin ɓangarorin biyu ba sa taɓa juna. Wasu kan ƙara makunni mai cire ƙafa ta 1 a gefe guda.

Abin da bai kamata ba shi ne yanke wayar ƙasa ta filogin wuta. Kwamitocin masallatai su ƙi wannan shawara ko daga wa ta fito, domin wuta na iya jan mai riƙe da makirufo.